Awa 48 a Gajeren Zango: Tarihin Gasar Masu Rediyon Sha'awa

Duk shekara, a Asabar da Lahadin ƙarshe na watan Oktoba, da ƙarfe ɗaya na daren Juma'a agogon Najeriya da Nijar, wasu wurare a gajeren zango da suka wuni shiru sukan ɓarke da hayaniya kamar kasuwar Kurmi ranar jajiberin sallah. Dubun-dubatar mutane ne, daga Japan zuwa Brazil, kowa zaune gaban na'urarsa a ɗaki, ko a gareji, ko a wani tsibiri da ya yi tattaki takanas saboda wannan rana. Ba su tashi sai ƙarfe ɗaya na daren Lahadi. Wasunsu a cikin awa 48 ɗin nan barcinsu bai fi na awa uku ba.

Wanda ya kasa kunne zai yi mamakin abin da ake faɗa. Wannan ya ambaci lambar kiransa, wancan ya amsa da tasa, kowa ya faɗi lambobi biyu, shi ke nan an rabu. Babu gaisuwa, babu tambayar iyali. Cikin daƙiƙa goma an gama, an koma kan na gaba. Wanda ya yi nasara kuma ba kuɗi ake ba shi ba, takardar shaida ce ko ɗan allon katako da zai rataya a bango.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, da farko dariya abin ya ba mu. Ga waya a aljihun kowa, me zai sa magidanci ya kashe kuɗi ya kafa eriya mai tsayin bene don kawai ya ce wa baƙo "biyar tara"? Sai da muka bi tarihin abin muka ga cewa wannan wasa shi ne ya riƙe wata hanyar sadarwa da ba ta da mai ita, ya hana ta mutuwa har shekara ɗari. Kuma akwai rabonmu a cikin labarin fiye da yadda muka zata.

Jujin da aka bar wa yara

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya san kalmomin nan: mita 16, mita 19, mita 25. Mitar nan tsawon igiyar rediyo ce. Kamar igiyar ruwa, akwai tazara tsakanin tudu da tudu, ita ake aunawa. Idan tazarar ta kai ɗaruruwa ko dubban mitoci, an shiga matsakaici da dogon zango. Idan ta sauko ƙasa da mita 100, an shiga gajere.

A farkon ƙarni na 20 masana sun yi amannar cewa doguwar igiya ce kaɗai ke cin nisa. Kamfanoni da sojojin ruwa suna gina tashoshi masu mitoci dubbai, da hasumiyoyi, da injinan wuta manya. A gefe guda kuma ga samari a Amurka suna harhaɗa nasu na'urorin da tarkacen waya, suna aika wa juna saƙon Mos, wato rubutun nan na gajeren sauti da dogo da aka gada daga wayar tangarahu. Babu lasisi, babu doka, kuma sau da yawa suna shiga cikin maganar jiragen ruwa.

Nutsewar jirgin Titanic a watan Afrilu 1912 ce ta kawo ƙarshen wannan sakaka. A cikin shekarar Amurka ta kafa dokar rediyo wadda ta wajabta lasisi, ta kuma kora masu sha'awa zuwa mita 200 da abin da ke ƙasa da haka. A tunanin masu dokar, an ba su juji ne, inda muryarsu ba za ta wuce 'yan garuruwan kusa ba.

Da farko kamar hakan ta tabbata. A 1914 wani injiniya a birnin Hartford, Hiram Percy Maxim, ya so aika saƙo Springfield, tafiyar da ba ta fi kilomita 50 ba, amma na'urarsa ta kasa. Sai ya roƙi wani da ke tsakanin garuruwan biyu ya karɓa ya miƙa. Daga nan ya kafa ƙungiyar ARRL, wadda aikinta na farko shi ne tsara yadda saƙo zai riƙa tafiya hannu da hannu, zango bayan zango, irin tafiyar fatake. Duk mai ilimin kwamfuta zai gane wannan tsari, domin haka bayanai ke tafiya a intanet yau, daga na'ura zuwa na'ura har su isa.

Tanti a bakin teku

Yaƙin duniya na ɗaya ya sa aka rufe tashoshin masu sha'awa a Amurka a 1917, aka sake buɗe su a 1919. Da yawansu sun dawo daga aikin soja da sabon ilimin kwan lantarki mai ƙara ƙarfin sauti. Sai suka sa wa kansu buri: su ƙetare tekun Atlantika da ƙananan na'urorinsu.

Gwajin farko a watan Fabrairu 1921 bai yi nasara ba. Don haka a ƙarshen shekarar ARRL ta tura ɗaya daga cikin gwanayenta, Paul Godley, zuwa Birtaniya da kayan sauraro. Hayaniyar lantarki ta Landan ta hana shi jin komai, ya tattara ya tafi Ardrossan, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Sikotilan. Can ya kafa tanti a fili cikin ruwan sama da sanyin Disamba, ya miƙa wata doguwar waya a kan sanduna tana fuskantar Amurka. A ɗaya ɓangaren an tsara wa tashoshi lokacin da kowace za ta yi kira, dare bayan dare.

A daren 11 wayewar 12 ga Disamba 1921, Godley ya rubuta cikakken saƙo daga tashar 1BCG da ke Greenwich a jihar Connecticut. Cikin waɗanda suka gina ta har da Edwin Armstrong, mutumin da daga baya ya ƙirƙiro rediyon FM. Shekara 20 ke nan cif bayan Marconi ya ce ya ji sautin farko da ya ƙetare tekun. Kafin a naɗe tantin, Godley ya ji tashoshin masu sha'awa fiye da ashirin.

Wannan ji ne kawai, ba zance ba. Zancen ya zo a ƙarshen Nuwamba 1923, lokacin da Léon Deloy a birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Connecticut. Abin lura shi ne sun sauko ne zuwa wajen mita 110, kuma suna saukowa sauti na ƙara fitowa. A watan Oktoba 1924 wani matashi a makarantar Mill Hill ta Landan, Cecil Goyder, ya yi magana da Frank Bell a wata gonar tumaki a New Zealand. Duniya ba ta da nisan da ya fi wannan sosai.

Sirrin yana sama. Can nesa da ƙasa akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cika shi da caji, ana kiransa ayonosfiya. Kennelly da Heaviside sun yi hasashensa tun 1902, Edward Appleton ya tabbatar da shi a tsakiyar shekarun 1920. Gajeriyar igiya idan ta doki rufin nan sai ta lanƙwaso ƙasa, ta sake tashi, ta sake dawowa, har ta kai wata nahiya da wutar da ba ta fi ta kwan fitila ba. Marconi da injiniyoyinsa su ma suna nasu binciken a lokacin, amma yawan masu sha'awa da warwatsuwarsu a duniya ne ya nuna wa kowa abin a fili. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. Nan da nan gwamnatoci da kamfanoni suka rufto jujin, kuma a 1932 BBC ta fara watsa shirye-shiryenta zuwa ƙasashen waje a gajeren zango. Mita 19 da kakanninmu suka riƙa lalube da asuba a nan ta samo asali. Masu sha'awa kuwa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris a 1925, don kada a sake korar su gaba ɗaya. Aka tsaga musu 'yan filaye, su ne suke kai har yau.

Daga gwaji zuwa gasa

Da ƙetare teku ya zama ruwan dare, sai tambayar ta sauya: ƙasa nawa mutum zai iya samu a cikin ƙayyadadden lokaci? A 1928 ARRL ta shirya abin da ake ɗauka a matsayin gasa ta farko mai tsari, inda ake ƙirga yawan tashoshin ƙetare da kowa ya yi musaya da su. A 1930 aka ƙara wata ta cikin gida.

A watan Yuni 1933 kuma aka fara wadda ta fi kowace bayyana manufar abin, wato ranar fita fili. F. E. Handy, jami'in sadarwa na ARRL, shi ya kira ta. Sharaɗin shi ne a bar gida da wutar gida, a kwashi kaya a tafi daji ko filin makaranta, a kafa tasha daga tushe, a gani ko za ta yi aiki. In ban da shekarun yaƙin duniya na biyu, ba a fasa ba. Yanzu ana yin ta a Asabar da Lahadi na huɗu na Yuni a Amurka da Kanada. Ƙungiyoyi na fita da tantuna da janareto da batura da faifan sola, a harba igiya bisa bishiya a ɗaga eriya, a ɗora tukunya, yara na zagayawa. Dokokin ma suna faɗin abin da ake nufi: akwai ƙarin maki ga wanda bai taɓa wutar gari ba, da wanda ya kafa tasharsa inda jama'a za su gani, da wanda ya zaunar da yaro ya yi kira da kansa.

A aikinmu mun san wannan darasi, kuma da wuya muka koye shi. Ajiyar bayanai ta ko-ta-kwana wadda ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ranar da aka buƙace ta ake gane babu komai a ciki. Shi ya sa kafin a saki manhaja muke tura mata lodin ƙarya, mu ga inda za ta karye. Ranar fita fili gwajin lodi ce da ake yi wa mutane da kayansu. A nan ake gane batirin da ya mutu, da wayar da ɓera ya ci, da wanda ya manta yadda ake ɗaura eriya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai kowa ya san atisaye yana da gundura, idan aka kira shi mutum biyar ne za su zo. Da aka sa masa maki da kishin ƙungiya, sai dubbai suka riƙa fitowa da kuɗin aljihunsu.

Shiyya ta 35

Gasar da muka buɗe da ita, wadda ta fi kowace girma, mujallar CQ ta Amurka ce ta fara ta a 1948. Ta murya a Oktoba, ta saƙon Mos a ƙarshen Nuwamba. An raba duniya shiyya 40, ana fafatawa a filaye shida: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. Kowane fili da lokacinsa. Mita 10 da 15 na rana ne, 80 da 160 na dare, kuma ƙarfinsu na hawa da sauka tare da zagayen rana na kimanin shekara 11. Gwaninta ita ce sanin lokacin da hanya za ta buɗe zuwa Japan, da lokacin da za a juya eriya zuwa Amurka ta Kudu.

Lambobi biyun da ake faɗa, na farko rahoton yadda aka ji mutum ne, na biyu shiyyarsa. Biyar na nufin ana fahimtarka sarai, tara na nufin sautinka da ƙarfi. A gasa kowa "biyar tara" yake bayarwa, ko da sai da ya sa ka maimaita sau uku. Ƙarya ce da aka yi ittifaƙi a kanta don saurin aiki. A Mos rahoton 599 ne, kuma saboda tara tana da tsawo, dogo huɗu da gajere ɗaya, sai ake maye gurbinta da harafin N. Don haka abin da ke tashi sau miliyoyi a daren gasa shi ne 5NN. Mu dai duk lokacin da muka ji sai mun yi murmushi, domin 5N ita ce farkon lambar kiran Najeriya, wadda kuma ke rubuce a jikin jiragen samanmu. Nijar 5U ce, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST.

Lissafin makin ne ya sa yankinmu ya zama abin nema. Musaya da wata nahiya maki uku ce, da maƙwabciyar ƙasa a nahiya ɗaya kuwa yawanci ɗaya. Sannan a ninka jimillar da yawan ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane fili. A misali, musaya 1,000 mai maki uku, idan aka ninka da 200, ta ba da 600,000. Mafi yawan masu rediyon sha'awa a Turai da Amurka da Japan suke. Amurka kaɗai tana da masu lasisi sama da 700,000. Wanda ke zaune a shiyya ta 35, wato Afirka ta Yamma har da Najeriya da Nijar da Ghana, kusan duk wanda ya kira shi maki uku ne, ga Turai a kusa, ga teku shimfiɗe zuwa Amurka. Kuma kowa na rububinsa, domin shi ne zai ninka musu maki.

Turawa sun daɗe da gano haka. Daga shekarun 1990 wata tawagar 'yan Birtaniya da Amurka mai suna Voodoo, wadda Roger Western na cikin jagororinta, ta riƙa zuwa Afirka ta Yamma duk Nuwamba da kayanta. Sun yi gasa daga Ghana, Togo, Burkina Faso, Mali, har da Yamai, inda suka yi amfani da lambar 5U5Z. Sukan kafa eriyoyi a kan rufin otal, su yi awa 48, su kwance su tafi. Ba laifi suka yi ba. Amma abin tunani ne a ce lambobin ƙasashenmu sun fi tashi a bakin baƙi. Najeriya na da ƙungiyarta, NARS, mamba ce a IARU, sai dai 'yan ƙasa masu lasisi ba su da yawa idan aka dubi yawanmu.

Da kwamfuta ta shigo

Shekaru da dama da fensir ake rubuta kowace musaya, bayan gasa a kwana ana tace maimaici, a aika ta gidan waya. A tsakiyar shekarun 1980 Ken Wolff ya rubuta manhajar CT, wadda ke gaya wa mai gasa nan take ko ya riga ya yi magana da wannan tasha. Daga baya aka samu Cabrillo, tsarin rubutu mai sauƙi, layi ɗaya ga kowace musaya, wanda kowace manhaja ke iya karantawa. Yanzu 'yan kwanaki kaɗan ake ba mutum ya miƙa kundinsa. Kwamfuta ta jera dubban kundaye ta gwada su da juna. Idan ka ce kun yi magana da wane da ƙarfe kaza amma babu kai a kundinsa, ko ka kuskure harafi ɗaya a lambarsa, a soke makin a kuma ci ka tara. Wasu gwanaye, su kaɗai, sun haura musaya 10,000 a awa 48, kuma kuskurensu kaɗan ne.

Sai dai sana'armu ta kawo rigima. A 2003 aka janye sharaɗin duniya na sai mutum ya iya Mos kafin a ba shi gajeren zango. A 2008 Alex Shovkoplyas ya fitar da CW Skimmer, manhajar da ke karanta ɗaruruwan saƙonnin Mos a lokaci guda, aikin da a da sai ƙwararren kunne. A 2017 Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, tare da Steve Franke, suka fitar da FT8. A wannan tsari kwamfutoci ne ke musayar ɗan gajeren saƙo duk daƙiƙa 15, suna tsamo sautin da kunnen mutum ba zai taɓa ji ba. Dattawa suka ce idan na'ura ce ke ji, ita ke amsawa, ina mutum yake? Matasa suka ce da ita mai ƙaramar eriya a gidan haya ma ya samu shiga. Masu shirya gasa sun raba gardamar da rukunai, mai neman taimakon manhaja da intanet daban, mai dogaro da kunnensa daban. A ganinmu hakan daidai ne, domin ranar da intanet ta ɗauke, na rukuni na biyu ne zai rage.

Ranar da waya ta yanke

A watan Disamba 2004 wata tawagar Indiyawa ƙarƙashin Bharathi Prasad ta samu izinin da ba a cika bayarwa ba na kafa tasha a tsibiran Andaman. Wasa ne ya kai su, domin duniya na neman musaya da wurin. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka afka, layukan waya suka lalace. Tawagar ta ajiye wasa ta koma isar da saƙonnin hukuma da na iyalai tsakanin tsibiran da babban yankin Indiya. Haka aka sake gani a Puerto Rico a 2017 bayan guguwar Maria. Kunnen da ya saba tsamo lamba daga cikin hayaniyar gasa shi ne ke iya tsamo sunan wanda ake nema da sunan garinsu.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Daga Laberiya zuwa Najeriya abubuwa suka tsaya, manhajojin banki suka ƙi buɗewa, mu da muke taƙama da kwamfuta muka zauna muna kallon allo. Gyaran ya ɗauki makonni. Rediyon sha'awa ba zai aika wa kowa kuɗi ba, dokarsa ma ta hana kasuwanci da ɓoye saƙo, kuma ba a taɓa shi sai da lasisin hukuma. Abin da yake iya ɗauka kaɗan ne: muna raye, muna wuri kaza, muna buƙatar ruwa da magani. Amma tsakanin mai aikawa da mai karɓa babu hasumiyar kamfani, babu wayar teku. Batir ne da waya da sararin sama.

Filayen nan kuma ba gado ba ne. Ana sake duba rabonsu a manyan tarukan ITU, hukumar sadarwa ta duniya, kuma masu kuɗi na da ido a kan gajeren zango; a 2023 wasu kamfanonin hada-hadar hannun jari sun nemi hukumar sadarwar Amurka ta ba su damar aika bayanai a kusa da su. Gonar da ba a nomawa ita ake fara ƙwacewa. Hayaniyar ƙarshen makon gasa ita ce shaidar da ta fi ƙarfi cewa da masu wurin. Mujallar CQ kanta ta daina fitowa a ƙarshen 2023, amma 'yan sa-kai sun ci gaba da gasar.

Sauraro ba ya buƙatar lasisi. Rediyon gida mai gajeren zango zai kama su, sai dai muryoyin za su fito kamar kukan agwagwa, domin salon watsawarsu daban ne. Hanya mafi sauƙi ita ce WebSDR ta Jami'ar Twente a ƙasar Holan, na'urar sauraro ce da aka buɗe wa kowa, ana shiga ta waya. Idan Oktoba ta zo ƙarshe, a nufi wajen megahaz 14.2 da yammacin Asabar, a zaɓi USB, a saurara. Za a ji shiyya ta 14 da ta 15 daga Turai ba adadi, da ta 5 daga gabashin Amurka. Mu kan zauna da takarda muna jiran wanda zai ce talatin da biyar.